Gidan Tukwane na Suleja da Tarihin Ƙauyukan da Suka Rene Shi

1.0 Gabatarwa

A garin Suleja ta Jihar Neja, wanda kafin ƙarshen shekarun 1970 aka sani da suna Abuja, akwai wani tsohon gidan sana'a da Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe a 1952 domin koyar da ginin tukwane irin na zamani. Shi ne daga baya aka raɗa wa sunan Ladi Kwali. A wannan maƙala za a riƙa kiran sa gidan tukwane, don sauƙin bayani. Akasarin rubuce-rubucen da aka yi a kan gidan sun ta'allaƙa ne ga mutum biyu, wato Baturen Ingila Michael Cardew wanda ya kafa shi, da Ladi Kwali wadda ta ɗaukaka sunansa a duniya. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa akwai wani tarihi na uku a bayan gidan, wanda ya girmi na mutanen biyu, wato tarihin ƙauyukan Gwari da ke kewaye da tsohuwar Abuja da dangantakarsu da masarautar Haɓen Zazzau. Za a kuma nuna cewa babbar shaidar wannan tarihi tana cikin harshe, musamman sunayen mutane da na garuruwa da na kayan sana'a, saboda haka alhakin tattara ta ya fi rataya a wuyan masana harshe.

2.0 Tsohon Gida a Matsayin Madogarar Tarihi

Kafin a shiga cikin batun, ya dace a yi tsokaci a kan hanyar nazarin da aka bi. Jamusawa suna daga cikin al'ummun da suka daɗe da ɗaukar gidan manomi a matsayin takardar tarihi. A ƙauyen Gutach da ke yankin Baƙin Daji a kudu maso yammacin Jamus akwai wani gidan gona mai suna Vogtsbauernhof wanda aka gina a 1612, aka kuma mayar da shi gidan tarihi a 1964 bisa jagorancin Hermann Schilli. Mai ziyara yakan ga ɗakin mutane da turken dabbobi da rumbun ciyawa duk a ƙarƙashin rufi ɗaya, da kuma madafi marar bututun hayaƙi wanda hayaƙinsa yake busar da nama ya kuma kare katako daga ƙwari. Daga wannan tsari ake gane yadda iyali suke zama, da abin da suke nomawa, da yadda suke raba aiki. A wasu sassan ƙasar ma, sunan gidan gona yakan rinjayi sunan wanda ya shige shi, ta yadda baƙon da ya auri magajiyar gida yakan koma amsa sunan gidan.

A fagen ilimin harshe, wannan tunani ya haifar da mazhabar da ake kira "kalmomi da abubuwa", wadda Rudolf Meringer ya kafa wa mujalla mai suna Wörter und Sachen a 1909. Ra'ayin mazhabar shi ne, ba a fahimtar tarihin kalma sai an san abin da take nufi da yadda ake ƙera shi da yadda ake amfani da shi. Wannan ma'auni ne za a ɗora gidan tukwane na Suleja a kansa.

3.0 Garin da Aka Kafa Gidan a Cikinsa

Asalin Abuja yana komawa ga jihadin farkon ƙarni na 19. Lokacin da masu jihadi suka ci birnin Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa, ya sauka a Zuba cikin ƙasar Koro. Bayan rasuwarsa a yaƙin Lapai a 1825, ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake yi wa laƙabi da Abu Ja saboda hasken fatarsa, ya gaje shi, ya kuma kafa sabon gari a 1828 kusa da kogin Iku. Daga laƙabinsa garin ya sami suna. Abu Kwaka ya biyo bayansa a 1851, sannan Ibrahim Iyalai a 1877, wanda ya riƙe sarauta har zuwan Turawa a 1902. A duk tsawon wannan lokaci masarautar ba ta shiga ƙarƙashin Daular Sakkwato ba, don haka ta adana tsarin sarautun Haɓe irin su Madawaki da Galadima da Wambai da Dallatu. Wannan ne ya sa M. G. Smith ya dogara da Abuja wajen fito da siffar mulkin Zazzau na kafin jihadi a littafinsa Government in Zazzau na 1960.

Abin lura a nan shi ne, Hausawan da suka zo da Makau 'yan ƙalilan ne idan aka kwatanta da mutanen da suka tarar. Ƙasar ta Gwari ce da Koro da Gade da Gwandara da Ganagana da Bassa. Birni yana da sarauta da kasuwa da malamai, amma doya da dawa da itacen girki da tukwane daga ƙauye suke shigowa. Dangantakar ba kullum take ta lumana ba, domin laƙabin Dodon Gwari da aka yi wa Sarki Ibrahim ya isa shaida a kan hare-haren da ƙauyuka suka sha. Duk da haka, kasuwa da auratayya da maƙwabtaka sun haɗa ɓangarorin biyu, Hausa kuma ta zama harshen da ƙabilun ƙasar suke ciniki da shi a tsakaninsu.

Sarkin da aka kafa gidan tukwane a zamaninsa shi ne Sulaimanu Barau, wanda ya hau gadon sarauta a 1944 ya rasu a 1979. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma yi aikin koyarwa kafin sarauta. A zamaninsa ne Malam Hassan, Dallatun Abuja, da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta tarihin masarautar da al'adunta da Hausa, Frank Heath ya fassara shi aka buga a Ibadan da sunan A Chronicle of Abuja a 1952, wato shekarar da aka buɗe gidan tukwane. Sarkin yana da sha'awar tara tukwanen ƙauyukan ƙasarsa, kuma a fadarsa ne Cardew ya fara ganin aikin Ladi Kwali.

4.0 Kafuwar Gidan da Manufarsa

An haifi Michael Cardew a 1901. Ya koyi sana'a a hannun Bernard Leach a Ingila, ya kuma yi aiki a Achimota da Vume a ƙasar Gana ta yanzu daga 1942 zuwa 1948. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi a matsayin jami'in kula da sana'ar tukwane a Ma'aikatar Ciniki da Masana'antu. Bayan ya zagaya ƙasa yana duba yumɓu da hanyoyin gini, sai ya zaɓi Abuja saboda dalilai huɗu: wadatar itace, da ruwa, da yumɓu mai kyau, da kuma goyon bayan Sarki. Gine-ginen farko na ƙasa ne da jinka, irin na mutanen wurin, kodayake an yi sauye-sauye da ƙari a shekarun da suka biyo baya.

Manufar gwamnati ita ce a samar da tangaran na gida, wato kofuna da faranta da butocin shayi, domin ma'aikata da sauran masu hali waɗanda ake sa ran za su bar ƙwarya da akushi. An tanadi injin juya yumɓu da ake murzawa da ƙafa, da tanderu mai cin itace wanda zafinsa yake haura digiri 1200. Ɗaliban farko duk maza ne. Sai dai kasuwar da aka yi hasashe ba ta samu yadda aka so ba. Matan Arewa sun riga sun karkata ga kwanonin ƙarfe masu fenti da ake shigowa da su, waɗanda ba su fashewa, suna kuma shiga jeren ɗakin amarya. Sunan da Bahaushe ya ba tangaran, wato faɗi-ka-mutu, ya bayyana matsayinsa a idon mai saye. Saboda haka akasarin masu sayen kayan Abuja suka zama Turawa ma'aikata da masu tara kayan fasaha a ƙasashen waje.

Abin da ya fitar da gidan kunya ya zo ne daga inda tsarin bai yi tanadi ba. A ƙarshen 1954 Ladi Kwali ta shiga gidan, ita ce mace ta farko. An nuna aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta kuma yi rangadin nuna gwanintarta a Ingila da Faransa da Jamus a farkon shekarun 1960, da Amurka a 1972. Cardew ya bar aiki a 1965, Michael O'Brien ya gaje shi. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Ladi digirin girmamawa a 1977, ta kuma rasu a Minna a 1984.

5.0 Rayuwar Ƙauye da Ke Bayan Gidan

Ladi ba ta zo Abuja don ta koyi ginin tukunya ba. Ta zo da sana'arta cikakkiya daga Kwali, inda aka haife ta wajen 1925, ta kuma koya tun tana yarinya a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. A ƙauyukan Gwari ginin tukwane aikin mata ne, ana gadon sa daga uwa ko inna ko gwaggo, kuma ya fi ƙarfi da rani bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da yumɓu yake saurin bushewa, ciyawa da kara kuma suka wadata. Mace takan haƙo yumɓu, ta jiƙa shi, ta cuɗa shi da garin tsohon tsingaro ko yashi don kada ya tsage a wuta. Ba ta amfani da inji. Takan aza curin yumɓu a kan mazauni, ta rarake cikinsa da hannu tana jan gefensa sama, sannan ta riƙa ɗora murɗaɗɗen yumɓu tana zagaya tukunyar da ƙafa, ita ce mai juyawa, tukunya tana tsaye. Bayan ta shafe jikin, sai ta yi zane da tsinke ko wuƙa ko murɗaɗɗiyar igiya. Zanen da aka san Ladi da shi ya ƙunshi ƙadangare da kunama da kada da hawainiya da maciji da kifi da tsuntsu, wato halittun da yarinyar ƙauye take gani a gona da rafi.

Gashin tukwanen a fili ake yin sa. Akan jera su, a lulluɓe da itace da ciyawa, a cinna wuta, cikin ɗan lokaci an gama. Zafin wannan wuta bai kai na tanderu ba ko kusa, kuma a nan hikimar take. Tukunyar da aka gasa haka tana da ƙananan kafofi a jikinta. Idan randa ce, ruwa yakan tsattsafo ta cikinsu, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Idan ta girki ce, takan jure harshen wuta a kan murhu ba tare da ta fashe ba. Ga ta kuma da rashin nauyi, abin da yake da muhimmanci ga macen Gwari wadda bisa al'ada a kafaɗa take ɗaukar kaya. Cardew da kansa ya yaba wa wannan fasaha, ya kuma yi gargaɗin kada a nemi sauya ta da sunan ci gaba.

To, me ya faru da randar Kwali da ta shiga gidan tukwane? Ladi ta ci gaba da gina ta da hannu kamar yadda ta gada, amma da yumɓun tangaran. Akan cike zanen da farar ƙasa, a shafe jikin da ruwan ƙyalli, a gasa a tanderu. Randar takan fito da kyan gani da ƙarfi irin na dutse, sai dai ta yi nauyi, kafofinta sun toshe, ba ta kuma sanyaya ruwa. Siffar randa tana nan, aikin randa ya tafi. Ta tashi daga kusurwar ɗakin uwargida ta koma kan teburin gidan tarihi. A nan mai nazarin harshe zai tambaya: shin har yanzu sunanta randa? Bahaushe yana bambanta tukwane ne da aikinsu. Tulu na ɗaukar ruwa ne, randa ta ajiye shi, tukunya ta girki, kasko na tuya ko turare, tanda ta waina, shantali na alwala, kwatarniya ta wanki da jiƙo. Abin da aka yi don kallo kawai ba shi da gurbi a wannan jeri. Haka nan aikatau ɗin da ake amfani da shi, wato gina, shi ne na ginin ɗaki da ginin rijiya, kuma ya dace da aikin mai ɗora yumɓu bisa yumɓu. Bai dace sosai da aikin mai zama gaban inji yana jan yumɓu cikin daƙiƙoƙi ba. Gidan ya kawo sababbin abubuwa da sababbin ayyuka, ma'aikatansa kuwa da Hausa suke magana a tsakaninsu, don haka tilas sun sama wa kowane abu suna. Waɗannan sunaye wani ɓangare ne na tarihin bunƙasar Hausa a kudancin ƙasar Zazzau.

6.0 Abin da Sunaye Suke Faɗa

Shaida mafi bayyana a kan ƙauyukan tana cikin sunayen ma'aikatan gidan. Matan da suka biyo bayan Ladi sun haɗa da Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa. Daga cikin maza akwai Tanko Ashada da Bawa Ushafa da Ɗanlami Aliyu. Idan aka dubi waɗannan sunaye za a ga abubuwa biyu.

Na farko, sunayen farko kusan duk laƙuban Hausa ne na gargajiya. Ladi ita ce wadda aka haifa ran Lahadi, Lami da Ɗanlami ran Alhamis, Asibi kuwa wani lafazi ne na Asabe, wato haihuwar Asabar. Kande ita ce macen da ta biyo bayan maza, Tanko kuma namijin da ya biyo bayan mata. Sunayen ranakun da kansu daga Larabci Hausa ta aro su. Ke nan sunan Ladi, 'yar ƙauyen Gwari, yana ɗauke da sawu biyu, na Larabci a cikin Hausa da na Hausa a cikin ƙasar Gwari. Wannan ya nuna cewa tun kafin makarantar boko da rediyo, Hausa ta riga ta shiga har cikin ɗakin haihuwa a ƙauyukan masarautar.

Na biyu, sunan da ke biye sau da yawa sunan gari ne. Kwali gari ne a kudu maso yammacin Suleja a kan hanyar Lokoja, Ushafa ƙauye ne kusa da Bwari, Toto kuwa gari ne a Jihar Nasarawa ta yanzu. Wannan al'ada ce sananniya a Arewa, inda makaranta ko wurin aiki yakan liƙa wa mutum sunan garinsu. Kamar yadda gidan gona yake ba manomin Jamus suna, haka ƙauye ya ba waɗannan magina. Duk wanda ya karanta jerin sunayen ma'aikatan gidan, taswirar ƙauyukan da sana'ar ta fito yake karantawa. Duk inda aka ambaci Ladi Kwali a duniya, an ambaci ƙauyenta, ko mai faɗa ya sani ko bai sani ba.

Akwai kuma sunan ƙabilar kanta. Gwari suna ne da Hausawa suka yaɗa, Turawa suka ɗauka, kamar yadda ya fito a nahawun harshen da Larry Hyman da Daniel Magaji suka wallafa a 1970. Masu harshen suna kiran kansu Gbagyi ko Gbari. Daga sunan Gwari ne Hausa ta ƙirƙiro kalmar gwaranci, wadda take nufin maganar da ba ta fita daidai ba. Kalmar tana adana kallon da birni yake yi wa ƙauye, kuma bai kamata mai nazari ya kau da kai daga gare ta ba. Mutanen da aka raina Hausarsu, su ne hannuwansu suka kai sunan Abuja Landan tun kafin a yi tunanin mayar da shi sunan babban birni.

7.0 Rabuwar Gida da Ƙauyukansa

Ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta samar da Yankin Babban Birnin Tarayya, a daidai lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Neja. Kaso mafi girma na ƙasar da aka yanka daga masarautar Abuja ya fito. Sabon birni ya ɗauki sunan Abuja, tsohon gari kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu da ƙarshen tsohon sunan. Sakamakon wannan ga gidan tukwane shi ne, iyaka ta ratsa tsakaninsa da ƙauyukansa. Gidan ya zauna a Jihar Neja, Kwali da Ushafa suka faɗa Yankin Babban Birni. A farkon shekarun 1990 aka buɗe wata cibiyar tukwane a Ushafa ƙarƙashin shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida, kuma can aka kai Shugaban Amurka Bill Clinton a watan Agusta 2000. Shi kuwa tsohon gida, aikinsa ya yi ta ja da baya bayan rasuwar Ladi, har jaridu suka sha kawo rahoton lalacewarsa a shekarun 2010.

Sauyin suna ya haifar da wani ruɗani na daban. Mai karatu na yau da ya ga an rubuta tukwanen Abuja a littafi ko a gidan tarihi, zai ɗauka birnin da gwamnati ta koma a ranar 12 ga Disamba 1991 ake nufi. Takardar naira 20 da aka fitar a 2007 ta haɗa ɓangarorin labarin a wuri ɗaya: a gabanta hoton Murtala, wanda dokarsa ta raba ƙasar, a bayanta kuma hoton Ladi Kwali. Ana kashe ta kullum a kasuwar Suleja, alhali robobi da tukwanen dalma sun ture randa da tulu daga gidaje da yawa.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa gidan tukwane na Suleja mahaɗa ce ta abubuwa uku: masarautar Haɓe da ta ba shi masauki, da gwamnatin mulkin mallaka da ta ba shi inji da tanderu, da ƙauyukan Gwari da suka ba shi fasahar da ta sa aka san shi. Na farko da na biyu suna da rubutaccen tarihi. Na uku yana bakin tsofaffin mata da tsofaffin ma'aikata, kuma kowace shekara adadinsu raguwa yake yi. Gini idan ya rushe ana iya tayar da shi daga hoto, amma sunan wani zane ko wani mataki na cuɗa yumɓu, idan mai faɗarsa ta ƙarshe ta kau, ya tafi ke nan.

Saboda haka wannan maƙala tana ba da shawarwari uku. Na farko, sassan nazarin harsunan Nijeriya su tura ɗalibai Kwali da Ushafa da Suleja su tattara kalmomin sana'ar cikin Gbagyi da Hausa a jere, kowace kalma tare da hoton abinta da bayanin aikinsa. Na biyu, a naɗi hira da waɗanda suka yi aiki a gidan ko 'ya'yansu, a kuma rubuta ta da harshen da aka yi ta, ba tare da an gyara Hausar ta koma ta Kano ba, domin ita kanta Hausar Suleja abin nazari ce. Na uku, duk gyaran da hukuma za ta yi wa gidan ya haɗa da ɗaki guda da za a nuna randar ƙauye kusa da randar tanderu, da sunan ƙauyen da kowace ta fito. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, kuma wanda ya waiwayi wannan gida da kyau, ƙauyukan da ke bayansa zai hango.